Bokitin korona ya fashe, me ya rage a hannun malamai?

Malam Habu (mai kula da zaure): Assalamu alaikum malamai. Ya aiki, ya zafi? Yau ina roƙon mu ɗan ajiye zancen ƙarin girma da kuɗin hutu, ba don sun ƙare ba. A lokacin korona an tara mu an yi mana bita, an raba takardu, an kawo bokitai masu famfo. Ga shi yanzu mun shiga watan Maris, lokacin sanƙarau, mashaƙo kuma kowa ya san ɓarnar da ya yi a Kano tun 2023. Tambayata ɗaya ce. A cikinmu wa zai iya faɗar abu guda da yake yi a aji yau, wanda a 2020 ya koye shi? Ba abin da ka sani nake tambaya ba, kowa a nan zai iya cin jarrabawa a kan wanke hannu. Abin da kake yi.

Nura: Wa alaikumus salam Yallaɓai. Namu bokitin yana nan a ofishin hedimasta, an cire famfon, ana ajiye alli da tsofaffin rajistoci a ciki.

Malam Ɗanlami: Naku ma ya yi albarka. Namu mai gadi ne yake ba awakinsa ruwa da shi. Ni fa Malam Habu, in gaskiya za a faɗa, ban ga korona da idona a ƙauyenmu ba. Abin da na gani yunwa ce. An rufe makarantu a watan Maris, ba a buɗe mana ba sai wajen Oktoba. Yaran da na bari sun fara haɗa baƙi, na dawo na tarar sun koma gidan jiya. 'Yan matan aji shida wasu an ɗaura musu aure, maza wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba har yau. Ni wannan ce annobar da na gani.

Malam Garba: Ɗanlami, in ka ce ba ka gani a ƙauyenku ba na yarda. Amma kada ka ce babu. Mu da muke ɓangaren Dambatta muna shiga birni kullum, mun gani. Ranar 11 ga Afrilu 2020 aka sanar da mutum na farko a Kano, kafin azumi ya yi nisa masu haƙa kabari sun fara kukan aiki ya fi ƙarfinsu. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya fito a watan Yuni ya ce mutum 979 ne suka rasu a wancan tsakanin a cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne masu hawan jini da ciwon suga.

Malam Ɗanlami: To ai ka faɗa da bakinka, birni. Mu me ya haɗa mu?

Malam Garba: Motar kasuwa ta haɗa ku. Ranar Alhamis je ka Maigatari ka ƙirga daga garuruwa nawa aka zo, har daga Nijar. Kuma duk wanda kulle ya koro daga Legas da Abuja da Kano ina ya nufa in ba gida ba?

Malama Rabi: Malamai ku yi haƙuri, za ku sake mayar da mu gardamar akwai korona ko babu, an yi ta an gaji. Bari in amsa wa Malam Habu.

Ni aji biyu nake riƙewa, yara sun haura ɗari, a ƙasa suke zaune. A bakin ajin akwai randa ɗaya, da moɗa ɗaya ta roba da aka ɗaure da igiya don kada ta ɓata. In an tashi tara sai su yi layi. Mai majina ya sha, mai tari ya sha, wanda leɓensa ya fashe ya sha, kowa ya tsoma moɗar da hannunsa har wuyan hannu cikin ruwan, ragowar da bai shanye ba ya mayar ciki don an hana su zubar da ruwa. Ranar da aka buɗe makaranta bayan korona haka suke yi da takunkumi a haɓa, yau ma haka suke yi babu takunkumin. Abin da na iya canjawa shi ne na ce kowane yaro ya zo da gorar ruwansa daga gida, ko tsohuwar robar lemo ce. Wanda ba shi da ita, monita ne kaɗai yake ɗiba da moɗa ya tsiyaya masa a tafin hannu ko a kofinsa, baki ba ya taɓa moɗar. Ba kullum ake bi ba, in na juya baya shi ke nan. Amma wannan na riƙe.

Malam Habu (mai kula da zaure): Madalla Malama. Irin amsar da nake nema ke nan.

Malam Ɗanlami: Tunda ana maganar abin da aka koya mana, bari in yi muku lissafi, shi ne sana'ata. An ce a ba da tazarar mita biyu tsakanin yaro da yaro. Ajina mita takwas ne a mita bakwai. Ko ka jera su har jikin bango, ka hana malam wurin tsayawa, yara ashirin za ka samu. Ina da casa'in da wani abu. Wanda ya rubuta wannan doka bai taɓa shiga ajin ƙauye ba, ko ya shiga ya manta. To in aka ba ka dokoki biyar, ta farko ka ga ba za ta yiwu ba ko kai waye, ai sauran huɗun ma sai ka ɗauke su wasa. Laifin ba na malami ba ne.

Hajiya Asabe (asibitin sha-ka-tafi): Salamu alaikum. Malam Habu ne ya sa ni a zauren nan tun lokacin allurar ƙyanda, kullum karatu nake ba na magana, amma yau an taɓo gonata. Malam Ɗanlami lissafinka daidai ne. Sai dai akwai abin da ya fi tazarar sauƙi kuma ba a nanata muku shi sosai ba, wato iska. Korona, sanƙarau, mashaƙo, ƙyanda, tarin fuka, duk ta numfashi da tari da atishawa suke bi. Wanke hannu ya fi ƙarfi a kan amai da gudawa da ciwon ido da makamantansu. Amma da yake bokiti abu ne da ake gani, ana iya ɗaukar hotonsa a kai ofis, sai aka fi ba shi muhimmanci. Na sha shiga makarantu yin rigakafi in tarar da aji mai taga shida, huɗu an buga musu ƙusa ko an toshe da kwano, yara sun cika, numfashi har ɗumi yake yi a fuska in ka shiga. Buɗe tagogin nan na ɓangare biyu yadda iska za ta ratsa bai kai naira ɗaya ba. In zafi ya yi, karatu a gindin darbejiya ya fi ajin lafiya nesa ba kusa ba.

Nura: Hajiya tagogin fa don ɓarayi aka rufe su, da yaran gari masu shiga su yi bahaya da daddare.

Hajiya Asabe (asibitin sha-ka-tafi): Na sani ƙanena. A sa sakata, a buɗe da safe a rufe in an tashi. Ƙusa ce matsalar.

Malam Garba: Ni ina so mu taɓa kanmu kaɗan, don muna ta maganar yara. A 2020 takunkumina a aljihun gaban riga yake kwana, haka na kowa a makarantarmu. Da an hango ƙurar babur ɗin masu duba makarantu sai ka ga kowa yana laluben aljihu. Mu tsaya a taron safe mu ce yara kada a yi musabaha, mu koma gindin bishiya mu gaisa hannu da hannu, mu sa tire ɗaya na ɗanwake a tsakiya. Yaran suna kallo. Yaro ba ya jin abin da ka ce, abin da ka yi yake ɗauka. Har wani yaro ɗan aji huɗu ya taɓa tambayar wani abokin aikinmu wai cutar ba ta kama malamai ne?

Malama Rabi: Hahaha wallahi yaron nan zai yi nisa.

Malam Ɗanlami: Garba, ka ƙi miƙa wa dattijon da ya haife ka hannu a ƙauye ka ga yadda za ka kwashe da mutanen gari. Za a ce boko ya hau maka kai.

Alaramma: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Ɗanlami, musabaha sunna ce, kare rai kuwa wajibi ne, kuma duk ɗalibin fiƙihu ya san wanda ake gabatarwa in sun yi karo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta sauka kuna ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can sai ya juya da jama'a. Aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wannan mun karantar da shi tun kafin a san korona. Don haka wanda ya ce addini ne ya hana shi kiyayewa, son ransa ne dai.

Amma ina da ƙorafi, kuma tunda an buɗe fage zan faɗa. A 2020 gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai a motoci, kowace jiha tana mayar wa wata. An cusa yara a mota ɗaya tafiyar sa'o'i, da aka sauke su aka auna, aka samu masu ɗauke da cutar, Kaduna ta sanar, Jigawa ma ta sanar. Wanda ya hau motar lafiya ƙalau, wa ya san yadda ya sauka? Hadisin ya ce kada a fita, su kuma suka fitar. Bitar da Malam Habu yake magana, malaman tsangaya nawa aka kira? Ni da yake ina koyar da addini a firamare da safe na samu shiga. Sauran abokaina na tsangaya a rediyo suka ji. Alhali wurinsu ne yara suke kwana talatin a zaure ɗaya, ƙofa a rufe saboda sanyi. In sanƙarau zai fara, ba a ajin Malama Rabi zai fara ba.

Hajiya Asabe (asibitin sha-ka-tafi): Allah ya gafarta malam, wannan gaskiya ce tsagwaronta. Wurin kwana mai cunkoso shi ne gidan sanƙarau, tsangaya ko makarantar kwana. A farkon 2024 ɗalibai sun rasu a makarantun kwana a yankin Potiskum ta jihar Yobe, maƙwabtanmu. A shekarar ne a watan Maris aka fara yin sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar, Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita, kuma Jigawa tana cikin inda aka fara, ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Kafin nan a 2023 ƙasar Gumel ta sha fama, Maigatari da Sule Tankarkar duk sun gani.

Malam Habu (mai kula da zaure): Hajiya tunda kin buɗe baki ba za mu bar ki ki rufe ba. Faɗa mana a taƙaice, me malami zai gani ya san wannan ba zazzaɓin sauro ba ne?

Hajiya Asabe (asibitin sha-ka-tafi): Sanƙarau: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, yaro ya kifa kai yana ƙin haske, in ka ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji sai ya kasa ko ya yi ihu. Wani ya fara surutai ko ya shiɗe. Wannan ba a jiran a tashi daga makaranta, yana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma wani ya rasa ji. A ɗora shi a babur zuwa asibiti, a aika wa iyaye su same ku can.

Mashaƙo kuwa a hankali yake zuwa, shi ya sa yake yaudara. Ciwon maƙogwaro, ɗan zazzaɓi, yaro ya ƙi haɗiyar abinci, murya ta dushe, wuya ya kumbura ta gefe biyu. In ya buɗe baki ka haska da fitilar waya za ka ga wata yana mai ruwan toka ta manne a can ciki. Don Allah kada a ce za a kankare ta. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne iyaye sai su ce beli ne, su kai wa wanzami ya yanke, kwana uku huɗu sun tafi, sai numfashi ya fara sarƙewa a kawo mana. Dafin cutar yana taɓa zuciya, maganin dafin kuma a manyan asibitoci yake, ba a kyamis ba. Yawancin yaran da ya kama ba su samu allurar nan ta jarirai ba, wadda ake yi a sati 6 da sati 10 da sati 14.

Amai da gudawa kun san shi. 2021 ta kashe sama da mutum dubu uku a ƙasar nan, Jigawa da Kano suna sahun gaba. Kafin a kai asibiti, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, cokalin shayi shida na suga, rabin cokalin shayi na gishiri, a riƙa ba shi yana kurɓa ko yana amai.

Nura: Hajiya mun gode, amma ni fa ina da ja. Mu malamai ne, ba likitoci ba. A Gumel na yi NCE, ba a koya mini leƙa maƙogwaro ba. Albashin da ake ba ni bai kai ni ƙarshen wata, a ce kuma in zama malamin asibiti kyauta? In na ce yaro yana da mashaƙo ya zama ba shi ba ne, wa zai tare mini uban? In kuma na ɗauke shi a babur ya cika a hanya, Allah ya kiyaye, wa za a kama?

Malama Rabi: Nura bai yi ƙarya ba. Akwai wata malama a wata makaranta kusa da mu da ta mayar da yarinya gida saboda ƙyanda ta feso mata. Washegari uwar ta dawo da ita da kanta, ta tsaya a bakin aji tana cewa ai don an ga su talakawa ne, kuma ranar ana raba abinci, an so a cinye rabon 'yarta. Hedimastan maimakon ya tsaya wa malamar sai ya ce a bar yarinyar ta zauna, don kada magana ta je gaba a ce ana korar yara. Sati biyu bayan nan layin gaba duk sun kwanta.

Malam Garba: Nan ne gizo yake saƙa. Hedimasta ana auna shi da yawan yaran da suka zo. Aji ya cika, an yaba masa. To wa zai ce wa yaro zauna a gida? Mu kanmu haka ne. Malami yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, amma sai ya zo ya sa hannu a littafi, don in aka zo dubawa ba a gan shi ba, ba wanda zai tambayi dalili. Ya tsaya gaban yara tamanin yana tari awa huɗu. Ya san illar sarai, yana ma koyar da ita a darasin kiwon lafiya.

Baba Hedimasta: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Na ji duk abin da kuka ce.

Ni ina hedimasta aka yi sanƙarau na 1996. Ku da yawanku kuna 'yan firamare lokacin. Dubban mutane suka tafi a Arewa, ga ƙyanda ga amai da gudawa duk a shekara ɗaya. A shekarar ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, gwajin ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ina kawo wannan ne don matasan cikinku su gane, in kun ga uwa ta taho a guje ta fizge ɗanta daga layi don ta ga farar mota, ba haukanta ba ne kawai, akwai abin da aka taɓa ji. Yana cikin abin da ya haifi ƙin allurar shan inna a 2003, aka dakatar da ita a Kano kusan shekara guda. Sai da sarakuna da malamai suka shiga kafin a shawo kai, har a 2020 aka ce Afirka ta rabu da cutar. To mutanen nan ba sa yarda da takarda, fuska suke yarda da ita. Ranar allura ni nakan kawo 'ya'yana su tsaya a gaban layi, a fara da su kowa yana gani. Ban taɓa yin wa'azin da ya kai wannan aiki ba.

Na biyu, a 2014 da aka yi Ebola, Malam Ibrahim Shekarau yana ministan ilimi, aka ɗage komawa makaranta, aka ce kowace makaranta a horar da malamai biyu. A daren da jita-jitar wankan gishiri ta zagaya, wa ya riƙa buga wa mutane waya da asuba yana cewa a tashi a yi wanka a sha? Har da malaman makaranta, don su ne masu waya, su ake yarda da su. Wasu sun kwanta asibiti a kan gishirin nan. Don haka ilimin malami kaifi biyu ne, in ya ɗauki ƙarya ya fi kowa saurin yaɗa ta.

Na uku, Nura ɗana, ba a ce ka zama likita ba. Kana da abin da likita ba shi da shi. Rajista. Kullum da safe kana kiran suna. A zamaninmu in yaro ya yi kwana biyu bai zo ba sai na aiki ɗan unguwarsu ya dubo. In aka ce ba shi da lafiya sai in sa ɗigo da jan biro a gefen sunansa. Ranar da na ga jan ɗigo huɗu biyar duk daga unguwa ɗaya, ban san sunan cutar ba, amma na san akwai magana. Sai in hau keke in je wurin mai gari, mu tafi ɗakin shan magani tare. Asibiti ba ya sanin yaro sai an kai shi, kai kuwa tun ranar farko ka san bai zo ba.

Malam Habu (mai kula da zaure): Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. A gaida jikar tamu mai rubutu.

Hajiya Asabe (asibitin sha-ka-tafi): Baba ka gama magana. Wallahi da malamai za su riƙa yi mana wannan kaɗai da mun huta. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, mu muke kai masa rahoto, shi ya kai jiha, jiha ta kai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. Amma mu sai an zo mana muke sani, kuma a ƙauye sai an gama da kyamis da rubutu da jiƙo ake zuwa. In malami ya kira ni ya ce Hajiya yara biyar daga unguwar kaza ba su zo ba, an ce maƙogwaro, a ranar zan je. Ba sai ka ambaci sunan cuta ba, wannan aikina ne. Kai dai ka ce ga abin da ka gani.

Malam Ɗanlami: Baba ranka ya daɗe, a zamaninku aji yara talatin ne, ka san kowa da ubansa. Ni kiran suna kaɗai yana cin rabin darasi na farko. Kuma a damina rabin aji suna gona, ranar kasuwa 'yan mata suna talla. In zan sa jan ɗigo ga duk wanda bai zo ba biron zai ƙare a sati.

Malama Rabi: Malam Ɗanlami ba a ce duk wanda bai zo ba, an ce wanda ba shi da lafiya. Kuma ba sai ka aika kowa ba. Ka kira suna ka ji shiru, ka ce ina wane? Yara goma za su amsa maka a tare, ya tafi gona, ko yana kwance. Yaran nan sun fi mai unguwa sanin abin da ke cikin kowane gida.

Malam Ɗanlami: Wannan kuma haka ne. Har abin da ba ka tambaya ba sai sun faɗa maka.

Nura: To na ji. Amma maganar uban yaro tana nan. In ma'aikatan lafiya suka dira gidan mutum, ya ji cewa ni na kai rahoto, zai ce na tona masa asiri na jawo masa hukuma. A lokacin korona mutane ɓoye marasa lafiya suka riƙa yi don tsoron a killace su. Ni baƙo ne a garin da nake koyarwa, ɗakin da nake kwana ma aro ne.

Alaramma: Shi ya sa Baba ya ce ya bi ta wurin mai gari. Kada ka tafi kai kaɗai Malam Nura. Kuna da kwamitin makaranta, akwai liman a ciki, akwai wakiliyar mata. A zauna da su tun kafin ciwo ya zo, a yi magana a masallaci ranar Juma'a cewa daga yau yaron da ke zazzaɓi da tari ko ƙuraje zai zauna a gida har ya warke, ba kora ba ce, kuma ba za a sa masa fashi ba. In doka ta fito daga bakin gari, ba wanda zai ce ta Nura ce.

Malam Garba: Da sharaɗin a ajiye masa rabonsa in ana rabon abinci, ɗan'uwansa ya kai masa. In ba haka ba uwar za ta dawo da shi, kuma ba zan ga laifinta ba.

Malam Habu (mai kula da zaure): Maganar fashi ita ce ba a hannunmu take ba. Ni zan iya cewa a makarantata yaro mai jan ɗigo ba mai fashi ba ne, amma in aka zo daga ofis ƙirga kawuna za a yi. Haka malamin da ya kwanta. Sai sakataren ilimi ya yarda a rubuce. Ranar Talata akwai taron hedimastoci, zan tayar da maganar. Malam Garba ku ma ku gwada ta ɓangarenku mu ji wa za a fara saurara.

Malam Garba: In sha Allah. Amma kada ka kai ta a matsayin ƙorafi, ka ce shawara ce daga ma'aikatan lafiya, an fi jin tsoron wannan.

Malama Rabi: Ruwan fa? Tuƙa-tuƙarmu ta lalace tun kafin hutun da ya wuce, jarka biyu muke saya wurin 'yan garuwa da kuɗin aljihunmu, sha ma ba ya isa balle wanke hannu. Banɗaki kuma kada ma a tayar. Na ga wani abu da ake yi da galan da sanda da igiya, a taka da ƙafa ruwa ya zubo kaɗan-kaɗan, galan ɗaya ya ishi aji. Akwai wanda ya iya haɗawa?

Nura: Na iya Malama, mun yi a makaranta. Ƙusa za a ɗora a wuta a huda galan ɗin kusa da wuya. Sabulun a huda shi a rataye da igiya, in ba haka ba kafin tara ya yi ƙafa. In babu sabulu a ajiye toka a gwangwani. Zan ɗauki hoto in turo gobe.

Malam Ɗanlami: A rataye shi sama da inda akuya za ta kai. Malam Habu, in ka ga sakatare ranar Talata, bayan ka gama da jan biro, ka tambaye shi kuɗin hutun namu.

Malam Habu (mai kula da zaure): Ɗanlami ba ka da dama. Hajiya Asabe, malaman da ke yankinki su same ki ta akwatin sirri su karɓi lambarki, kada a sa ta a nan. Alaramma, abokanka na tsangaya masu waya ka turo mini su in sa su a zauren.

Alaramma: Yawancinsu ba sa karanta boko, sai dai a riƙa turo murya.

Hajiya Asabe (asibitin sha-ka-tafi): Zan naɗi bayanin alamomin nan da murya bayan la'asar, yanzu an kawo mini mai naƙuda.